Yadda Za Ka Shigo da Sabon Yaren Kod Wurin Aiki Ba Tare da An Yi Baram-baram Ba

Shekarun baya na rubuta wata manhaja da yaren Scala a wani kamfani da komai nasa Java ne. Aikinta bai taka kara ya karya ba: ta kwashi bayanan cinikin yini, ta tace su, ta miƙa wa sashen lissafi kafin gari ya waye. Tsohuwar da na tarar layi kusan dubu huɗu ce, tawa ko dubu ɗaya ba ta cika ba. Na haska ta a allo ranar taro, aka yi ta jinjina min, ni kuwa kai ya kumbura. Bayan wata bakwai na ɗauki hutu, a dare na uku manhajar ta tsaya cak. Wadda ke riƙe da wayar gaggawa a daren injiniya ce da ta riga ni shiga aikin da shekara goma. Ta buɗe kod ɗin ta ci karo da alamomin da ba ta taɓa gani ba. Ta kira ni sau shida, wayata a kashe. Sai bayan awa biyar suka gano wani gurbin kwanan wata ne ya zo babu komai a cikinsa, gyaran layi ɗaya tak. Da na dawo ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi: "Malam, kod ɗinka ya tsaru, amma da ƙarfe uku na dare abin da zan iya karantawa nake nema." Ni da hannuna na mayar da manhajar Java, kuma sai da aikin ya ci min mako shida.

Scala ba shi da laifi a wannan labari. Ni ne na amsa tambayar da ba wanda ya yi min, wato wane yare ya fi. Kamfani ba ya wannan tambayar. Abin da ke gabansa shi ne wa zai tashi tsakar dare in abu ya lalace, nawa za a kashe, kuma in tafiya ta ƙi, ta ina za a fita. Tun daga nan na shigo da sabon yare wurin aiki sau biyu lami lafiya, an kuma ƙi ni sau ɗaya, waɗanda suka ƙi ɗin kuwa sun fi ni gaskiya. Ga yadda nake bi yanzu.

Fara sanin faɗan wa ka tarar

Mu injiniyoyi muna son mu yarda cewa nagarta ce ke yaɗa yare. Tarihi bai cika mara mana baya ba. Kamfanin Sun ya fito da Java a 1995. Microsoft ya karɓi lasisi, ya yi masa ƙare-ƙaren da ba sa aiki sai a kan Windows, Sun ya maka shi a kotu a 1997. Kafin a sasanta a 2001, inda Microsoft ya biya dala miliyan 20, tuni ya sanar da nasa yaren, C#, a shekarar 2000. Wato musun Java da C# da aka shafe shekaru ana yi a ofisoshi ana ta da jijiyar wuya, asalinsa rigimar kamfanoni biyu ce kan wa zai riƙe kasuwa. JavaScript kuwa, wanda Brendan Eich ya harhaɗa cikin kimanin kwana goma a Netscape a 1995, sunansa ma na talla ne, an raɓa shi da Java don Java ke tashe a lokacin. Abin da ya kai shi ko'ina shi ne kowace burauza shi take ji.

Apple ya sanar da Swift a 2014, masu Objective-C, tsohon yaren manhajojin iPhone, suka bi sahu ko suna so ko ba sa so. Oracle ya sayi Sun a 2010, a shekarar ya kai Google ƙara kan yadda ya yi amfani da Java a Android, shari'ar da sai a 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Ana tsaka da ita, a 2017, Google ya karɓi Kotlin na kamfanin JetBrains a matsayin yaren Android, a 2019 ya ce shi ne kan gaba.

Amfanin sanin wannan a aikace shi ne ka gane inda gardama ke da fili da inda ba ta da shi. In manhajarku ta iPhone ce ko ta cikin burauza, mai dandalin ya riga ya zaɓa muku, kada ka ɓata yawunka. Inda ake da zaɓi na gaske shi ne ɓangaren uwar garke, wato manyan kwamfutocin da manhaja ke aika wa buƙata suna amsawa, don a can Java, C#, Go, Python da Rust duk za su iya ɗaukar kayan. A can ɗin ne kuma abokan aiki ke daina gaisawa.

Kawo ciwo mai lamba

Kafin ka tunkari shugaban sashe, zauna ka rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da lamba: abu kaza yana ɗaukar sakan kaza, muna so ya koma kaza, mun gwada kaza da kaza a yarenmu na yanzu bai yi ba. In jimlar ta ƙi rubutuwa, to ciwon naka ne. Ko dai ka gaji da abu ɗaya kullum, ko kana son ƙara layi a takardar neman aiki. Ba abin kunya ba ne, duk mun yi. Amma wannan ƙishirwa a kan kwamfutarka ake kashe ta da daddare ko ƙarshen mako, ban da manhajar da ke biyan albashin mutane.

Misalin da na fi kawowa shi ne na Discord, manhajar hira ta intanet. A 2020 injiniyoyinsu suka bayyana dalilin da ya sa suka sauya wani sashe guda daga Go zuwa Rust, sashen da ke lura da saƙon da ka karanta da wanda ba ka karanta ba. Go yana da abin da ake kira mai kwashe shara, wani ɓangare ne da ke zagayawa yana share abin da manhaja ta gama amfani da shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ko sharar ba ta taru ba, Go kan tilasta wannan zagaye aƙalla duk minti biyu, su kuma suna da wata ƙatuwar ma'ajiya a ƙwaƙwalwar da sai an bi ta kaf a kowane zagaye. Saboda haka duk minti biyu sai amsa ta yi jinkiri, ana ganin abin ɓaro-ɓaro a jadawali kamar haƙoran zarto. Suka yi ta juya saituna, suka rage girman ma'ajiyar, ciwon ya ɓullo ta wani gefen. Sai a nan suka koma Rust, wanda ba shi da mai kwashe shara. Dubi yadda abin ya jeru: an auna ciwon, an nemi magani a gida tukuna, sannan aka sauya, kuma maganar sashe guda ake yi. Masu kawo labarin a musu sukan tsallake duk wannan, su ce "ai Discord ma ya bar Go."

Kuma kowane labari irin wannan yana da kishiyarsa. Tsakanin 2008 da 2011 Twitter ya yi ta janye manyan sassansa daga Ruby zuwa Scala da Java saboda yawan faɗuwa, har aka fara yi wa Ruby ta'aziyya. Ga shi har yau GitHub da Shopify a kan Ruby on Rails suke, wato tsarin gina shafukan intanet da yaren Ruby. Shopify ma zuba injiniyoyi ya yi suka ƙera YJIT, wanda ya shiga Ruby 3.1 a 2021 don ƙara masa gudu. Facebook bai yar da PHP ba, ya ƙera HipHop a 2010 don ƙara masa gudu, ya kuma fitar da nasa reshen mai suna Hack a 2014. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Don haka sunan babban kamfani ba hujja ba ne, sai in ciwonsa irin naku ne kuma girmanku ya kusa nasa.

Sau da yawa ma ciwon ba a jikin yaren yake ba. Wani matashi a ƙungiyata ya taɓa zuwa min da zafinsa: shafin rahoto yana ɗaukar sakan huɗu kafin ya buɗe, Python ne ya yi nauyi, a bar shi ya sake rubutawa da Go. Na ce masa, "Ƙanena, jawo kujera mu auna tukuna." Muka kunna ma'aunin da ke nuna inda lokaci ke tafiya. Python kansa bai ci ko kashi ɗaya cikin goma ba. Ashe shafin yana zuwa rumbun bayanai sau ɗari uku da 'yan kai, sau ɗaya don kowane layin rahoto, maimakon ya ɗebo su a tafi guda. Muka haɗe su tambaya ɗaya, ya koma ƙasa da rabin sakan. Da ya sake rubutawa da Go, da zirga-zirga ɗari ukun nan zai maimaita da sabon yare.

Hujjar tsaro ita ce mafi ƙarfi a hannun masu son Rust, kuma gaskiya ce. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake toshewa kowace shekara daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta suke fitowa, masu Chrome suka faɗi kusan haka a 2020, a Fabrairun 2024 kuma Fadar White House ta fitar da rahoto tana kira da a koma yarukan da ke kare wannan kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ka sani C da C++ ake nufi. In kod ɗinku Java ne, ko C#, ko Python, ko Go, wannan bangon naku da ma a shafe yake. Ka ɗauko hujjar a irin wannan wuri, wani dattijo a ƙarshen tebur zai kama ka, daga nan kuma duk abin da ka faɗa sai an sake auna shi.

Yare da ayarinsa yake zuwa

Abin da ya kayar da ni a labarin Scala shi ne kod kaɗai na lissafa. A bayan kowane yare a kamfani akwai kaya jibge: na'urar da ke haɗa manhaja ta gwada ta duk lokacin da aka tura gyara, hanyar ɗora ta a uwar garke, abin da ke tattara rahoton kurakurai, abin da ke buga waya in ta faɗi, mai binciken ɓaraka a laburarorin da kuka aro (wato guntayen kod da wasu suka rubuta ake ɗauka a yi amfani da su), da laburaren cikin gida da ke tantance wanda ya shigo. Duk an gina su ne shekara da shekaru don tsohon yaren, kuma akwai mutum biyu ko uku da ke rainonsu waɗanda ba a cika gayyata taron zaɓen yare ba. Su za ka fara samu. Tambaye su kai tsaye: in na kawo Go, me zai ƙaru a kanku? Rubuta amsarsu da adadin kwanaki, ka sa a lissafinka. In ka tsallake su, ranar taro su ne za su tsallake ka.

Ina da doka guda da ba na sassautawa: sai an sami mutum uku da za su iya gyara kod a sabon yaren ba tare da sun kira ni ba, kuma su yarda a sa sunansu a jerin masu riƙe wayar gaggawa. Biyu ba su isa ba, don ɗaya zai tafi hutu ɗaya ya sami wani aikin. Wanda ya ce yana sha'awar koyo bai shiga lissafi ba sai ya tura gyara an karɓa.

Za a kawo maka WhatsApp. Lokacin da Facebook ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 19, yana da masu amfani sama da miliyan 450, ma'aikatansa kuwa kusan 55 ne, uwar garkensa kuma da Erlang aka rubuta, yaren da 'yan kaɗan suka iya. Gaskiya ne. Amma Erlang an ƙera shi ne a Ericsson tun 1986 musamman don na'urorin tarho masu riƙe dubban layuka a lokaci guda ba tare da sun faɗi ba, wato aikin WhatsApp sak. Kuma shi ne harshen gidan tun farko, ba baƙon da aka shigo da shi ta taga ba. Abin dariya, a 1998 wani reshe na Ericsson ɗin da kansa ya hana amfani da Erlang a sababbin kayayyaki, a shekarar kuma aka sake shi ga jama'a kyauta.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da manaja zai yi ko da bai san kod ba: wa ke riƙe da yaren, kuma in ya sake shi fa? Rust a hannun Mozilla, mai burauzar Firefox, ya girma, sigarsa ta 1.0 ta fito a Mayun 2015. A Agustan 2020 Mozilla ya sallami ma'aikata kusan 250, har da wasu da ke aiki da Rust, hankalin mutane ya tashi. Sai a Fabrairun 2021 aka kafa gidauniyar Rust da hannun AWS, Google, Huawei, Microsoft da Mozilla, sannan kamfanoni suka saki jiki. Tsohon yare ma bai tsira daga irin wannan ba. A Janairun 2023 Oracle ya sauya tsarin kuɗin Java ɗinsa ya koma bisa yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa ganin kod ba. Wanda ya san akwai Amazon Corretto da Eclipse Temurin, nau'o'in Java da aka gina kan OpenJDK, wato buɗaɗɗen tushen Java, kuma kyauta ne, bai girgiza ba. Karanta lasisi da idonka, kada ka dogara da "an ce kyauta ne."

Sai laburarori. Jera guda goma da ba za ku iya aiki babu su ba, na rumbun bayananku, na layin saƙonni, na ɓoye sirri da sauransu. Nemo takwaran kowanne a sabon yaren, ka duba yaushe aka yi masa gyaran ƙarshe da mutum nawa ke kula da shi. A Maris na 2016 wani ya cire ɗan laburarensa mai layi 11, left-pad, daga npm, rumbun laburarorin JavaScript, manyan ayyukan JavaScript suka kasa haɗuwa a faɗin duniya. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A Disambar 2021 kuma ɓarakar Log4j, wani laburaren Java da ake amfani da shi ko'ina, ta hana masu Java barci. Kowane yare da irin nasa daren, in kun tara biyar a gida, dare biyar kuka saya.

Kada ka ce a rushe a sake

Kalmar da ke kashe shawara tun ba ta tashi ba ita ce "mu sake rubutawa daga farko." Netscape ya yi haka a 1998, ya ajiye tsohon kod ɗin burauzarsa ya fara sabo. Siga ta 5 ba ta taɓa fitowa ba, ta 6 sai a Nuwambar 2000, kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa. Tsohon kod mummuna ne, amma kowane kumburi a jikinsa tabon wata matsala ce da aka taɓa warwarewa, kuma ba a rubuta dalilin a ko'ina ba. Ko sauyi a cikin yare ɗaya ba wasa ba ne: Python 3 ya fito a Disambar 2008, amma sai 1 ga Janairun 2020 aka iya rufe babin Python 2.

In ka duba yarukan da kamfanoni suka karɓa cikin sauƙi, za ka ga duk masu iya zama da maƙwabci ne. C++ ya zauna da C. Kotlin da Java suna zama a aiki guda, wannan ya kira wancan. TypeScript, wanda Microsoft ya fitar a 2012, ana shigar da shi fayil bayan fayil a cikin JavaScript ba tare da an tsayar da komai ba. Google bai rushe tsohon C++ na Android ba, sabon kod ya riƙa rubutawa da yaruka masu kariya irin su Rust da Kotlin, kuma bisa alƙalumansa kason ɓarakar ƙwaƙwalwa a Android ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024, saboda yawancin ɓaraka a sabon kod take ɓuya, tsohon an riga an tankaɗe shi.

To, zaɓi wurin gwaji da hankali. Ya zama aiki na gaske da mutane ke amfani da shi, don abin wasa ba ya gamsar da kowa. Ya kasance a gefe, inda in ya faɗi kuɗi ba za su daina shigowa ba. Ya kasance yana da iyaka bayyananniya, ƙofar shiga ɗaya ta fita ɗaya. Kuma ƙanƙantarsa ta kai a iya mayar da shi tsohon yare cikin mako shida ko ƙasa da haka. Kada ka kashe tsohon. Bar su su yi tafiya tare na ɗan lokaci, duk buƙatar da ta shigo a aika wa duka biyun, a ba mai amfani amsar tsohon, ta sabon a ajiye a kwatanta. A wannan kwatancen ne za ka ga abubuwan da tsohon ke yi a ɓoye waɗanda ba wanda ya gaya maka. Gwajin gudun da ake yaɗawa a intanet, inda yaruka ke tseren lissafin lambobi, bar shi inda ka gan shi. Da bayananku za ka auna, a kan injinanku, a ranar da aka fi cunkoso.

Akwai labarin da nake so kowane mai kishin yare ya riƙe. A Maris na 2025 Microsoft ya sanar zai sauya yaren da aka rubuta manhajar da ke fassara TypeScript da shi don ta ƙara gudu kusan ninki goma. Jagoran aikin Anders Hejlsberg ne, mutumin da ya ƙirƙiro C#. Bai zaɓi C# ɗinsa ba, bai zaɓi Rust da ake yayi ba, Go na Google ya ɗauka. Masoya C# suka ji kamar uba ya yi wa ɗan maƙwabci ɗinki ya bar nasa, masoya Rust suka yi ta ƙorafi. Dalilin da ƙungiyar ta bayar mai sauƙi ne: kwafe kod ɗin suke so su yi kusan yadda yake, ba sabon gini ba, tsarin tsohon kod ɗin kuma ya fi kama da yadda ake rubuta Go, ya kuma dogara da mai kwashe shara, abin da Rust ba shi da shi. Abin da ya kori Discord daga Go shi ne ya jawo Microsoft zuwa gare shi.

Ranar taro

Shafi ɗaya ya isa. Ciwon da lambarsa, abin da aka gwada, sakamakon gwaji, lissafin ayarin, sunayen mutum ukun, sai kuma sharaɗin fita: ranar kaza za mu zauna, in abu kaza bai kai kaza ba mun janye, ni zan mayar. Wannan layin na ƙarshe ya fi duk sauran buɗe ƙofa, don manaja ya fi tsoron abin da ba shi da ranar ƙarewa. Raba takardar kwana biyu kafin taro, ka bi masu adawa ɗaya bayan ɗaya ka ji ta bakinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada ka zagi tsohon yaren. Wanda ya rubuta layukan da kake kira shara yana zaune a ɗakin, kuma da su aka biya albashinka na watan jiya. Ko a Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da aka rubuta da C, haka abin yake. Rust ya shiga da siga ta 6.1 a Disambar 2022, amma a Agustan 2024 ɗaya daga jagororin aikin, Wedson Almeida Filho, ya ajiye, yana kokawa da cece-kucen da ba na fasaha ba. Ana iya ganin masu C a matsayin masu taurin kai, amma babbar tambayarsu tana kan hanya: in na gyara ɓangarena na C, na Rust ya karye, wa zai ɗora? Wannan tambayar ce dai ke cikin maganar da abokiyar aikina ta yi min bayan daren nan. Amsa ta a rubuce kafin a yi maka ita.

Jadawalin farin jini kuwa, kada ka dogara da shi. TIOBE, mai jera yaruka bisa farin jini, sakamakon injinan bincike yake ƙirgawa. Ƙuri'ar Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta kod, ta waɗanda suka ga damar amsawa ce, kuma tun 2016 Rust ke zuwa na ɗaya a yaren da masu shi suka fi ƙauna, alhali a yawan masu amfani JavaScript da Python sun yi masa nisa. Babu ɗayansu da ke leƙa cikin bankuna da ma'aikatun gwamnati, inda COBOL na 1959 ke aiki shiru. Sai da annobar korona ta cika tsarin biyan marasa aikin yi na jihar New Jersey a Afrilun 2020, gwamnan jihar ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, sannan matasa da yawa suka san yana raye.

In an ce a'a, tambayi abu ɗaya: me zai sauya kafin amsar ta sauya? Sannan ka koma ka duba ko abin da kake kwaɗayi ya riga ya iso gidanku ba ka sani ba, don yarukan nan satar fasahar juna suke yi ba kunya. Python ya sami hanyar bayyana nau'in bayanai a siga ta 3.5 a 2015. Go ya shafe shekaru yana ƙin kod mai karɓar nau'i daban-daban, ya karɓa a siga ta 1.18 a 2022. Java 21 ya zo a 2023 da zaruruwan aiki marasa nauyi, wato hanyar tafiyar da ayyuka da yawa a lokaci guda cikin sauƙi, irin abin da ake barin Java a tafi Go dominsa.

Lokacin da aka ƙi ni, Rust na kai. Shugaban sashenmu ya karanta shafin har ƙarshe, ya ɗago ya ce, "Mutum nawa ka ce sun iya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da wani, na ukun yana koyo." Ya turo min takardar. Kafin in tashi na ce to a ba ni izinin ɗaga Java ɗinmu daga siga ta 8, wadda ta fito tun 2014, zuwa ta 17. Nan take ya sa hannu, don wannan ba ya buƙatar sabon mutum ko sabuwar wayar gaggawa. Na koma tebur na jera laburarorinmu, goma sha ɗaya suka ƙi sabuwar sigar. Muka fara da na rumbun bayanai, sauran goman muka raba su tsakanin mutum huɗu, kowa da ranar da zai kawo nasa.